Neman Shawara: Ina da Ikon Cire 'Ya'yana daga Darasin Jima'i a Makarantar Ingila?

Maman 'Yan Makaranta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawararku, musamman waɗanda suka riga mu zama a Ingila kuma suka san yadda makarantun gwamnati suke tafiyar da al'amuransu. Ni da maigidana muna zaune a Leeds da yaranmu biyu, mace mai shekara 10 da ke aji 6 na firamare, da namiji mai shekara 14 da ke sakandare. Makarantar yarinyar ta aiko da takarda cewa a zangon ƙarshe na shekara za a yi wa ajinsu darussa kan sauye-sauyen balaga da kuma yadda ake samun ciki da haihuwa, kuma duk mai tambaya ya nemi ganin shugabar makaranta, amma ba a faɗi a fili ko muna iya cewa ba mu yarda ba.

Maigidana ya ce mu riƙe ta a gida duk ranar da za a yi darasin. Ni kuwa ina tsoron kada hakan ya jawo mana tara, ko a sa mana ido a matsayin iyayen da ke hana 'ya'yansu karatu, alhali izinin zamanmu ma na aiki ne. Shin doka ta ba mu ikon cire ta? Idan ta ba mu, ikon ya shafi yayanta da ke sakandare? Allah Ya saka da alheri.

Malamar Firamare:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina koyarwa a firamare a nan Ingila, don haka bari in warware miki abin yadda yake a doka, domin yawancin rikicin da ake yi tsakanin iyaye da makarantu yana tasowa ne daga haɗa abubuwa huɗu da doka ta raba.

Tun daga watan Satumban 2020, bisa wata doka ta shekarar 2017 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 2019, wajibi ne kowace firamare ta koyar da darasin zamantakewa, wato abin da ya shafi iyali, abota, girmama juna, zama lafiya a intanet, da yadda yaro zai gane taɓawar da ba ta dace ba ya kuma san wanda zai gaya wa. Wannan ba ki da ikon cire ta daga cikinsa. Na biyu shi ne darasin lafiya, kuma a cikinsa ne ake bayanin balaga da jinin al'ada; shi ma wajibi ne a makarantun gwamnati. Na uku shi ne darasin kimiyya, inda tun aji 5 ake koyar da yadda tsirrai da dabbobi suke hayayyafa, sannan a farkon sakandare a koyar da gaɓoɓin haihuwa na ɗan Adam, da ɗaukar ciki, da haihuwa. Shi ma babu hanyar fita. Na huɗu shi ne darasin jima'i kansa, wanda ya wuce abin da ke cikin manhajar kimiyya, kuma a nan kaɗai ikonki yake.

A firamare ba a ma wajabta wannan na huɗun ba, makaranta ce ke zaɓar ta koyar ko ta bari, kuma idan uwa ko uba suka nemi a cire ɗansu, dole shugabar makaranta ta amince ba tare da ja-in-ja ba. Saboda haka, a cikin takardar da aka aiko miki, sashen balaga yana nan daram, sashen yadda ake samun ciki kuwa shi ne mai yiwuwa ki iya cire ta daga ciki. Na ce mai yiwuwa ne domin kowace makaranta ce ke fayyace inda ta ja layin a cikin rubutacciyar manufarta, wadda doka ta tilasta mata ta wallafa, kuma galibi za ki same ta a shafinta na intanet. Ki karanta ta kafin ki je ganin kowa.

Batun riƙe ta a gida, ki roƙi maigida ya janye shi. Za a rubuta ranar a matsayin fashi ba tare da izini ba, kuma idan irin wannan fashin ya kai kwana 5 a cikin makonni 10 na karatu, ana iya cin tarar fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta koma fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Bayan haka ma, ba a rana ɗaya ake yin darussan ba, ana rarraba su ne cikin makonni. Amma wasiƙar neman cirewa haƙƙi ne da doka ta tanada, yin amfani da shi ba laifi ba ne, kuma dole makaranta ta sama wa yarinyar wani aikin karatu mai amfani a wannan lokacin.

Baban Yara:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara sani. Abin da zan ƙara, Hajiya, shi ne kada ki tsaya a kan sunan darasi, ki nemi ganin kayan koyarwar da idonki. Lokacin da aka aiko mana da irin wannan takardar, mun je ni da uwargida, malamar ajin ta baje mana takardun aikin a kan tebur, ta kunna mana ɗan gajeren bidiyon da za a nuna, ta kuma nuna mana wani ƙaramin akwati da yara ke jefa tambayoyinsu a rubuce ba tare da sa suna ba. Zanen jikin da ke takardun bai dame ni ba, domin bai wuce abin da ke littafin kimiyya ba. Akwatin ne ya fi tsaya mini a rai, saboda manhaja tana da iyaka, tambayar yaro kuwa ba ta da ita. Na tambayi malamar abin da take yi idan wani yaro ya jefa tambayar da ta fi ƙarfin shekarunsu, ta ce ba ta amsa irin wannan a gaban aji, tana cewa a tambayi iyaye a gida. Ke ma ki yi wannan tambayar, ki saurari amsar da kyau.

Idan aka ce miki kayan na wani kamfani ne na waje kuma ba a iya nunawa, kada ki karɓa. A watan Oktoban 2023 sakatariyar ilimi ta lokacin, Gillian Keegan, ta rubuta wa makarantu cewa haƙƙin mallaka ba hujja ba ne na ɓoye wa iyaye abin da ake koya wa 'ya'yansu. Sabon kundin jagora ga makarantu da gwamnati ta fitar a watan Yulin 2025, wanda aka sa ranar 1 ga Satumban 2026 don fara aiki da shi, ya ƙara jaddada wannan, kuma ya bar ikon cirewa a inda yake.

Akwai wata gaskiya kuma da ya kamata a faɗa miki ba ɓoye-ɓoye. Abin da ya fi tayar wa iyaye da yawa hankali shi ne maganar iyalai masu iyaye jinsi ɗaya, kuma wannan yana zuwa ne a darasin zamantakewa, inda wasiƙar cirewa ba ta kaiwa. Ina Birmingham a 2019 lokacin da iyaye suka yi ta zanga-zanga a ƙofar makarantun Parkfield da Anderton Park a kan wannan batu, har Babbar Kotu ta hana taruwa a kewayen Anderton Park a watan Nuwamban shekarar. A ganina, abin da ake iya samu ta wannan fuskar ana samunsa ne a zaman tuntuɓa, domin doka ta ce dole makaranta ta tuntuɓi iyaye idan za ta tsara manufarta ko ta sauya ta, ta kuma yi la'akari da addinin ɗalibanta. Sai dai mu ba ma zuwa waɗannan tarurrukan, sai an gama yanke magana mu zo muna ƙorafi a bakin ƙofa.

Kawu daga Kaduna:

'Yata, ni ban ga abin dogon lissafi a nan ba. Idan ƙasar ba ta bar miki iko a kan tarbiyyar 'yarki ba sai a kan kashi ɗaya cikin huɗu, ki turo ta gida ta yi sakandare a hannun kakanninta. A nan, a watan Nuwamban 2022, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu, yana mai cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Ko kuwa ki nemi makarantar Musulunci mai zaman kanta a can.

Malamar Firamare:

Kawu, a gafarce ni, gyara ɗaya kawai zan yi: makarantu masu zaman kansu a Ingila, har da na Musulunci, su ma doka ta wajabta musu darasin zamantakewa, sai dai an ba su damar koyar da matsayin addininsu a kai. Kuma a cikin Birtaniya ma dokar ba ɗaya ba ce, domin a Wales an soke ikon cirewa gaba ɗaya a sabuwar manhajarsu ta 2022, iyayen da suka kai ƙara kuma ba su yi nasara ba.

Hajiya Babba:

Kawu, ina girmama ra'ayinka, amma raba yarinya mai shekara 10 da mahaifiyarta a daidai lokacin da jikinta zai fara sauyawa ba ƙaramin abu ba ne, kuma wayar da muke tsoro a Leeds ita ce dai a hannun yara a Kaduna. Maganar ministan da ka kawo ma tana ɗora nauyin ne a kanmu, to mu tambayi kanmu ko muna sauke shi.

'Yata, ni na cire autata daga wannan darasin lokacin tana aji 6, kuma har yau ina ganin daidai na yi, domin ina so ta fara jin wannan magana daga bakina, haɗe da hukuncin Allah a kanta. Amma ki sani cewa cirewar ta awa ɗaya ce. An kai ta wani aji ta yi karatu, da aka fita hutun cin abinci ƙawayenta suka kewaye ta, kowacce tana ba ta labarin abin da aka ce, wata ta ƙara gishiri, wata ta juya maganar baibai. Abin da ya taimake mu shi ne na riga na zaunar da ita tun kafin ranar, na yi mata bayani daidai hankalinta, na kuma gaya mata dalilin da ya sa ba za ta zauna a ajin ba, don kada ta ɗauka horo ne ko kuwa abin ƙazanta ne da ba a faɗa. Da ta dawo, ita da kanta ta kawo mini abin da ta ji, muka tace shi tare. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki fara tun yanzu, kada ki jira zangon ya zo.

Kuma kada kunya ta hana ki. Mu da muka yi Islamiyya mun karanta hukuncin haila da janaba da wankan tsarki a Ahalari tun ba mu kai shekarun ɗanki ba. Ummu Sulaim, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko wanka ya wajaba a kan mace idan ta yi mafarki, ta kuma fara da cewa Allah ba Ya jin kunyar gaskiya. Yarinyar da ke gab da fara al'ada tana bukatar ta san abin da zai same ta, da yadda za ta yi tsarki, da lokacin da za ta ajiye salla, kuma makaranta ba za ta koya mata biyun ƙarshe ba. Sashen da ke koya wa yara su gane taɓawar da ba ta dace ba kuwa, ko da an ba ni ikon cirewa ba zan cire ba, domin mun san irin abin da shiru yake rufewa a gidajenmu. Shi kuma yaron, aikin mahaifinsa ne, ki gaya wa maigida in ji ni.

Maman 'Yan Makaranta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na samo manufar makarantar, kuma darasi biyu ne kacal suka sa a ƙarƙashin ilimin jima'i, sauran duk na lafiya ne. Mun yanke shawarar zuwa ganin kayan tukuna. Saura batun yayanta, wanda zai cika 15 a watan Maris.

Malamar Firamare:

To a nan lokaci ya ɗan ƙure, 'yar'uwa. A sakandare darasin jima'i wajibi ne makaranta ta koyar, amma iyaye suna iya neman a cire ɗansu har zuwa lokacin da ya rage zango 3 ya cika shekara 16, wato kusan lokacin da zai cika 15. Daga nan zaɓin ya koma hannunsa: idan ya ce yana so, makaranta za ta shirya masa darasin a ɗaya daga cikin waɗannan zangunan, ko da ku ba ku so ba. Haka kuma amincewar ba kai tsaye take ba kamar ta firamare, domin shugaban makaranta zai so ya zauna da ku, wataƙila har da yaron, ya bayyana muku abin da yake ganin yaron zai rasa, sannan ya amince, sai fa idan akwai wani dalili na musamman da ya shafi kare yaron.

Ki rubuta wasiƙa biyu daban, ɗaya ga kowace makaranta, ki sa sunan yaro da ajinsa, ki faɗi a fili cewa kina neman a cire shi daga darasin jima'in da ba ya cikin manhajar kimiyya, ki kuma nemi a ba ki ranakun darussan da amsa a rubuce. Ba sai kin yi dogon bayanin dalili ba, layi ɗaya ya isa. Ki aika ta imel don ki sami shaida, ki kuma tambaya ko buƙatar za ta ci gaba da aiki a shekara mai zuwa ko sai an sabunta ta, domin yarinyar za ta koma sabuwar makaranta a watan Satumba, kuma wasiƙar da kika ba firamare ba za ta bi ta can ba.