Fijo 504 ta marigayi Baba: in tayar da ita ko in bar wa 'yan gwangwan?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Fijo 504 ce haɗin Kaduna, ta daɗe a ajiye a gidanmu tun rasuwar Baba. Injin yana juyawa amma bai tashi, ƙasan ƙofofi ya ci tsatsa. Ba haya zan yi da ita ba, sha'awa ce, Asabar da Lahadi. Da inji zan fara ko da bodi? 'Yan gwangwan sun taya dubu 400.

Abban Husna: Sayar ka sayi Corolla ka huta.

Baba Direba: Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, kada ka taɓa fenti sai ta tashi. Zubar da tsohon fetur, wanke tanki da kafireta, sa sabon fulogi da kwantak (mai sa wuta ta isa fulogi), duba lagireto. Sannan birki. Kamfanin Kaduna a 1975 ya fara haɗa Fijo, 504 kuwa har bayan 2000 ana yin ta, kayanta ba su ƙare ba.

Mai Shago: Ni dai kada ka kai ta gareji ka juya baya. Tawa na kai wa wani fanel bita, na ba shi rabin kuɗi. Yau babu gas ɗin walda, gobe an yi masa rasuwa. Damina ta wuce a kanta. Da na matsa na tarar an cire fitilun gaba da sitata an sa wa motar wani, wai aro! Kujeru kuma awaki sun gama da su. Har gaban mai unguwa muka je, aka ce in yi haƙuri, surukin ƙanena ne. Gangar jikin na sayar a kilo.

Abban Husna: Awakin ma sun san mota mai daraja.

Injiniya: Obahol ɗin inji, wato a kwance shi a sabunta kayan ciki, dubu 250 ya isa in ka sayo kaya a Ƙofar Ruwa, Kano.

Mai Shago: Wace shekara? Ringi da fistin kaɗai sun kusa cinye wannan. Ka ware dubu 700.

Injiniya: Na ga wani a YouTube...

Baba Direba: Injiniya, ka taɓa kwance giyabos da hannunka? Ni da wagon ɗinta na aurar da 'ya'yana, Katsina zuwa Jibiya zuwa Maraɗi. Can ma akwai kayanta, kuma ƙarfen da ne.

Injiniya: Baba, tuƙi daban, gyara daban.

Maman Sadiq: Wai an raba gadon ma? Kada ka kashe kuɗi ta yi ƙyalli, 'yan uwa su tuna suna da kaso.

Ɗan Ƙofar Marusa: An raba, Hajiya, a kasona ta faɗo. Maganar tsatsar fa?

Mai Shago: Tsatsa mai sauƙi ce. Jabun kaya ne bala'in. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, ka ɗaura kwantak sati biyu ya ƙone, ka mayar a ce kaya in ya fita ba ya dawowa.

Abban Husna: Kai kwantak. Ni batir aka wanke aka sayar mini a matsayin sabo, har da leda. Wa ya san mai batir na gaskiya wajen Ƙofar Ƙaura?