Muhawara: Yamai ce ke riƙe da kasuwar Ƙonni, ko naira?

Maganar da aka jefa a zauren 'yan Tawa: "Hukumomin gwamnati ba su da ta cewa a bakin iyaka. Naira ce sarauniyar Ƙonni."

Ɗan canji: Haka take. Sefa ɗaure take da yuro, ba ta gaba ba ta baya. Naira kuwa in ta faɗi, kayan Illela su yi araha, ɗan Sakkwato ya kasa taya ragonmu. Wace ma'aikata ce ta taɓa hana wannan?

Tsohon ma'aikacin duwan: Alhaji, rabi ka faɗa. Shekara da shekaru fetur na kwalba, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, ya hana gidajen mai ciniki. Da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, ina aka koma? Man da SONIDEP, kamfanin man gwamnatin Nijar, ke rabawa daga matatar Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011.

Malamar gona: Ku bar mai, ku dubi albasar Galmi. Ana cire ta a Maris da Afrilu, kowa ya kai kasuwa rana ɗaya, buhu ya faɗi warwas. Wanda ya iya riƙe ta a rudu, wato rumbun ajiye albasa, har damina ta yi nisa shi ke cin riba, amma bashin taki ke tilasta manomi sayarwa tun a bakin gona. In rancen BAGRI, bankin noma na Nijar, bai iso lokacin cira ba, sunansa ado.

Shugaban ƙungiyar manoma: Hajiya, banki ba wawa ba ne. Ana jinginar da gero da wake: a zuba a sito, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da rance. Albasa fa? In an cika mata takin yuriya, ko ba a yanke ruwa kafin cira ba, wuyanta ba ya bushewa, ruɓa ta fara daga nan ta bi tulin. Wa zai karɓi jinginar da ke wari?

Malamar gona: To a ba da rancen gina rudu mai shan iska, a ɗaga shi daga ƙasa. Kara da itace ne, ba siminti ba.

Ɗan canji: Na ji. Amma da aka rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, wane sito ne ya tsayar da farashi?

Tsohon ma'aikacin duwan: Ai ba naira ce ta rufe ta ba, Alhaji. Takarda aka sa wa hannu a ofis.