Neman rim na asali na Land Rover 109 ta marigayi Baba

Jikan Direba:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san tsofaffin motoci. Akwai Land Rover 109 akori-kura, Series III ta 1978, ta mahaifina ce Allah ya jiƙansa, da ita ya yi ta ɗauko gyaɗa da hatsi daga ƙauye tun ban san kaina ba, bayan rasuwarsa ta yi wajen shekara tara a ajiye a bayan gida kaji na ƙwai a cikinta. Bara na ɗaura niyyar tada ita, injin ya tashi, an yi birki, an yi waya, saura ƙafafu. To nan na maƙale. Rim biyar ne har da na safaya da ke kan bonet, uku lafiya lau, amma biyun da ke ɓangaren da ruwan indararo yake zuba tsatsa ta cinye su, da mai faci ya cire tayar wlh sai da na ga haske ta bakin ramin bawul, kana taɓawa yana marmashewa.

Na sayi guda biyu wajen wani mutum da ya rantse min na asali ne, an shafe su da fenti sai sheƙi, muna ɗaurawa na hau titi sitiyari ya fara rawa tun ban kai gudun 50 ba. Da aka kankare fentin sai ga walda, ashe tsakiyar wani rim aka yanko aka liƙa a jikin wani. Kuɗina sun tafi. Ni ba ado nake nema ba, so nake ta tsaya da ƙafafun da Baba ya san ta da su. A ina ake samu, kuma ta yaya zan gane na gaske kafin in sake biya?

Baban Gareji:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana kafin ka sake fita kasuwa koma kan ukun nan masu kyau da ke hannunka, su za su gaya maka abin da za ka nema. Samo buroshin ƙarfe da ɗan kananzir ka goge fuskar rim ɗin tsakanin ramukan noti, akwai lamba da kamfani ya buga a jikin ƙarfen, fenti ne yake rufe ta. A doguwa irin taka yawanci 569690 za ka gani, in kuma tsohon yayi ne 272309. Dukkansu inci 16 ne, faɗi inci biyar da rabi, taya 7.50-16 suke ɗauka, amma zurfin cikinsu ba ɗaya ba ne, ɗaya ya fi turo taya waje. In ka haɗa su a gaba, hagu daban dama daban, motar ba za ta taɓa miƙewa yadda kake so ba kuma taya ɗaya zai riƙa cinyewa. In ka ga 231601 ka ajiye, wannan na gajeruwar Land Rover ne, wato 88, faɗinsa inci biyar kawai, a ido kamar ɗaya suke shi ya sa ake yawan cusa wa mutane shi.

Ramuka biyar ne, da'irarsu milimita 165. Ba sai ka yi lissafi ba, sa tef daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi, za ka samu kamar 97. In ya gaza haka sosai ba na motarka ba ne ko me mai kaya zai ce.

Sannan abin da mutane ba sa dubawa, bakin ramin notin. Notin Land Rover kansa a fiƙe yake, yana zama daram a cikin ramin, shi ke tsayar da rim a tsakiya. Motar da aka daɗe ana tafiya da ita noti a kwance ramin sai ya buɗe ya zama kamar ƙwai, irin wannan ko ka ɗaure da sifana 27 har ka hau kai da ƙafa zai sake kwancewa. Na taɓa ganin taya ta fice ta wuce mota a hanyar kasuwar ƙauye saboda wannan, Allah ne ya tsare. Kuma kar ka biya sai an ɗaura shi a hob na gaba, wato inda ake ɗaure ƙafar da noti, an ɗaga da jak, ka kafa bulo kusa da bakinsa ka riƙe alli ka juya, in allin yana taɓawa yana saki to a karkace yake.

Mai Difenda:

Malam ni gsky zan ɗan saɓa da Baba, ba don ya faɗi ba daidai ba. Tambayata ita ce hawa za ka riƙa yi ko ajiyewa? In hawa ne kullum musamman da iyali, ka sani tsofaffin rim ɗin nan da rabit, wato ƙusar ƙarfe da ake dandaƙe kanta, aka haɗa tsakiyarsu da da'irar, dole sai da tif, kuma yanzu samun tif mai kyau na 7.50-16 shi kansa aiki ne, ga tayoyin yanzu yawanci tubles ne cikinsu da ɗan kaushi yana goge tif ɗin har ya huda shi. Kar ka yarda wani ya ce zai sa maka tubles a rim mai rabit ba tif, iska za ta bi ta rabit ɗin, kuma ba shi da ɗan tudun nan na ciki da ke riƙe bakin taya in iska ta ragu.

Ramukan Defender har zuwa 2016 duk ɗaya ne da naka, haka Discovery ta farko da tsohuwar Range Rover. Na ƙarfen Defender in ka fesa musu farin nan mai ruwan madara sai wanda ya sani sosai zai bambance. Discovery 2 kam daga 1998 an canza zuwa 120, ba zai shiga ba. Alloy ma, wato rim na alminiyam, ka manta da shi.

Jikan Direba:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam. Yanzu na dawo daga bayan gida da fitilar waya, 569690 ne a duka ukun, wlh sai da jikina ya yi sanyi da lambar ta fito, shekara arba'in da wani abu tana nan ban taɓa sani ba. Malam Mai Difenda maganarka gaskiya ce kuma na riƙe ta, amma motar ba ta doguwar tafiya ba ce, gona ce da cikin gari ranar Juma'a, zan jure wahalar tif ɗin. Saura inda zan samu.

Na Bakin Kasuwa:

Oga a shago da wuya, don masu shago abin da ke tafiya suke ajiyewa. Ka leƙa Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna amma ba layin gaba ba, shiga can ciki wajen masu yanka motoci, ka rubuta lambar a takarda ka bar wa yara biyu uku da ɗan na shayi, su suka san abin da ke ƙarƙashin tulin ƙarfe. In akwai wanda ka yarda da shi a Ladipo a Legas ka tura masa hoton naka gaba da baya da lambar a fili.

Amma ni inda na fi samun irin waɗannan a wajen matattun motoci ne. Land Rover ta yi yawa a ƙasar nan a da, 'yan sanda, soja, ma'aikatan gona, asibitocin mishan, gidajen sarauta, har haɗa ta aka yi a Ibadan. Da yawa suna nan a zaune a bayan gidajen hakimai da tsofaffin gareji. Ka nemi na kan bonet ko wanda ke cikin bodi, shi bai sha nauyi ba kuma bai zauna cikin laka ba. Wani abu kuma, masu amalanken shanu a ƙauye da yawa da ƙafar tsohuwar mota suke haɗa ta, in ka je cin kasuwa ka riƙa duban ƙafafun amalanke, na taɓa samun guda a haka na ba mai ita wani rim da sabuwar taya ya ba ni yana murna. Ka hanzarta dai don 'yan gwangwan awo suke saye, ba ruwansu da lamba, in ya hau tirela ya tafi narkewa shi kenan.

Baban Gareji:

Ɗana tunda 569690 ne, akwai wata 109 da ta mutu a garejin wani abokin aikina tun kafin korona, gobe in sha Allahu bayan azahar zan je da buroshina in duba maka. In lambar ta yi daidai zan sa a cire tayar in ga cikinsa da idona kafin in ce ka taso. Biyun nan naka da suka ruɓe kar ka ba kowa ya yi musu walda, ka ajiye su gefe.