Bashin masara buhu goma tsakanina da ɗan'uwa a ikilisiya: in kai shi gaban dattawa ko in yafe?

Baban Rahila: Salama a gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema. A watan Yunin bara waccan na ba wani ɗan'uwa da muke majami'a ɗaya masara buhu 10, ya sayar ya sayi taki. Lokacin buhu yana dubu 80. Ba mu rubuta kome ba, matata kaɗai ce a wurin. Kaka biyu ke nan bai kawo ko mudu ba. Yanzu da masara ta faɗi ya aiko cewa buhu ya karɓa, buhu zai mayar, kuma biyar zai iya bana. Ni kuɗi na sani, dubu 800. Ranar Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da Almasihu, zuciyata kuwa ba ta kwanta ba. In kai maganar gaban dattawa, in karɓi buhunan, ko in yafe duka? Kotu ba ta cikin lissafina.

Ɗan Pambeguwa: Ka kai shi wurin 'yan sanda kawai. Kwana ɗaya a bayan kanta, kuɗinka za su fito.

Magatakarda: Mutumin ya ce ko kotu ba ya so, kai kana kiran 'yan sanda. Kuma doka ma ta hana. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta ce ba a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Wanda ya bi ta nan yakan tarar an juya maganar ta koma "zamba cikin aminci" don a sami hujjar tsarewa, daga baya wanda aka tsare ya kai ƙara a ce ka biya shi diyya. In har sai an je gaban hukuma, akwai kotun ƙananan basusuka, Kano ta buɗe nata a 2019, ba sai da lauya ba. Amma ba takarda, shaidarka kuma matarka ce. Da me za ka tsaya?

Dattijo Mai Ritaya: Baban Rahila, Matiyu 18:15-17 ya jera matakan shiryawa da ɗan'uwan da ya yi maka laifi, kuma mutane suna tsallake na farko ne shi ya sa magana ke lalacewa. Aike ba zuwa ba ne. Ka je da ƙafarka, kai kaɗai, ranar da ba Lahadi ba. Kada ka tare shi a ƙofar majami'a, kada ka yi maganar a gaban matarsa ko 'ya'yansa, domin namiji in ya ji kunya a gidansa musu yake fara yi, in kuwa ya yi musu sau ɗaya da wuya ya janye. Kada ka fara da faɗin adadi. Ka tambaye shi: "Ɗan'uwa, a saninka me ke tsakaninmu?" Bari lissafin ya fito daga bakinsa. Sannan ka tambayi buhu nawa ya samu bana da wa da wa ke binsa. Sau da yawa za ka tarar mai taki da mai maganin feshi sun riga ka layi.

In kun daidaita, ku rubuta a takarda biyu: abin da aka karɓa, abin da za a mayar, wata da rana, kowa ya sa hannu. In ba ku daidaita ba, sai mataki na biyu, mutum ɗaya ko biyu. Ka bar shi ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, in ba haka ba zai ce taron dangi aka yi masa. Dattawa su ne na uku. Da zarar magana ta shiga littafin kwamiti ta fita hannunka, ana iya sa shi horo, a hana shi Jibi, kai kuma ko buhu ɗaya ba ka gani ba. Horo ba ya cika rumbu.

Mai Awo Saminaka: Dubu 80 a Yunin? A'a. A kasuwar Saminaka dubu 72 zuwa 75 muka yi ta sayarwa a lokacin, sai a Yuli ta hau. Ka rage lissafinka.

Yakubu Direba: Wane 72? A Dawanau ta wuce 85, ni na yi ta ɗauko ta.

Mai Awo Saminaka: Dawanau da kuɗin mota da lodi da na kan hanya a ciki. Kuma buhu buhu ne? Akwai mai tiya 40 cif, akwai wanda aka danna aka ɗinka masa hula. Wanne ya ba shi? Fara ce ko ja? Wannan shi ne abin da ke kashe rancen hatsi. A ƙa'idar kasuwa, in ka ce wa mutum "ga buhu goma ka mayar da kaka", buhu ka ba shi, faɗuwa da tashi naka ne. In ka ce "ga masarar dubu 800", ciniki ne, kuɗi kake bi. Ka tuna wace kalma ta fito daga bakinka ranar. Da masarar ta kai dubu 120 bana, da kai ne za ka ce buhu ka sani, shi ya ce kuɗi. In za ka karɓi biyar ɗin, ka zura hannu har tsakiyar buhu, ka ciji ƙwaya. In ba ta yi ƙara a haƙori ba, ba ta bushe ba, wata biyu za ta yi funfuna ko ƙwari su mai da ita gari.

Maman Tagwaye: Ku yi ta lissafin tiya. Ni abin da zan faɗa shi ne kalmar nan "ka bar wa Allah" kullum a kan marar ƙarfi take sauka. Akwai wata gwauruwa a Zumuntar Mata ta gundumarmu. Mijinta ya ba wani kuɗin shanun huɗa guda biyu, ba takarda, don ɗan'uwa ne cikin Ubangiji. Mijin ya rasu. Ba a yi wata uku ba mutumin ya ce kyauta ce marigayi ya yi masa. Ta kai gaban kwamiti, ashe mutumin ƙanin matar ɗaya daga cikin dattawan ne. Aka zauna sau uku. Zama na farko bai zo ba. Na biyu aka ce shaidarta mace ce kuma 'yar'uwarta. Na uku aka buɗe mata Matiyu 18, inda aka ce a yafe har bakwai sau saba'in, aka ce ta nuna alheri. Ta fito tana share hawaye da gefen zanen zumunta. A zangon nan aka koro 'ya'yanta biyu daga makaranta saboda kuɗi, babbar tana tallan awara yanzu a bakin tasha. Shi kuwa da shanun yake huɗar haya, kowace kadada da kuɗinta. Ba wanda ya buɗe masa Zabura 37:21, inda aka ce mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Ba wanda ya karanta masa Yakubu 1:27 a kan marayu da gwauraye.

Ɗalibin Bukuru: Mama, abin da aka yi mata ba alheri ba ne, zalunci ne aka sa masa rigar aya. Alheri kyauta ce, kuma ba a yi wa mutum kyauta da kayan wani. Mai bin bashi ne kaɗai ke da ikon yafewa, kwamiti ba shi da shi. A misalin bawan nan na Matiyu 18:23-35, wanda aka yafe wa babban bashi amma ya ƙi yafe wa abokinsa, ku lura da abu biyu. Dinari ɗari da ake bin abokin ba ƙaramin kuɗi ba ne, dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙodago bisa ga Matiyu 20:2, wato aikin fiye da wata uku. Yesu bai raina bashin ba. Na biyu, abokin bai musa ba, lokaci ya roƙa, aka shaƙe shi aka jefa kurkuku. Wanda ya ce "ka yi mini haƙuri zan biya" daban yake da wanda ya ce "ba ka bina". Kuma alherin da ya cece mu a Afisawa 2:8 shi ne Titus 2:12 ya ce yana koya mana mu bar rashin tsoron Allah. Da alheri ya shiga gidan Zakka mai karɓar haraji, riɓi huɗu ya ce zai mayar. Kalmar da ke cikin Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6:12 ma, inda muke roƙo a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗansu, a Helenanci, basusuka take nufi.

Yakubu Direba: Don Allah kada mai cin masarar ya ji wannan ta ƙarshe. Ranar Lahadi zai zauna a bayan Baban Rahila ya ɗaga murya daidai wurin.

Ɗan Pambeguwa: Ɗalibi, ka taɓa ba wani rancen ko tiya ɗaya? Helenanci ba ya sayen taki. Ku bar waɗanda suka san zafin noma su yi magana.

Ɗalibin Bukuru: To wanda ya ce a kai wa 'yan sanda ne ya san zafin? Karanta 1 Korantiyawa 6:1-7 tukuna, inda Bulus ya tsawata wa masu kai ɗan'uwa ƙara gaban marasa bi.

Magatakarda: Wannan ayar kuma an fi amfani da ita a rufe bakin mai gaskiya. Bulus ya tambaya a aya ta 5 ko ba mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai iya sasanta 'yan'uwa. Wato nauyi a kan ikilisiya yake ta yi shari'ar gaskiya. In dattijo dangin mai bashi ne, ya fita daga zaman. In kwamitin majami'a ya kasa, a ɗarikar ECWA akwai LCC, majalisar majami'un yanki, sama da shi, sannan DCC, majalisar da ke sama da ita, ana rubuta takarda a kai. Gwauruwar nan tana da wannan hanyar har yanzu.

Maman Tagwaye: Da wane kuɗin mota? Wa zai rubuta mata? Ku maza kuna da hanya a takarda.

Dattijo Mai Ritaya: Maman Tagwaye, ki sa shugabar zumuntarku ta rubuta da sunan zumunta, ba da sunan matar ba, ya fi nauyi. Mu koma kan mai tambaya, don Lahadi ta matso. Baban Rahila, yafe wa mutum da yafe bashi abu biyu ne. Na farko wajibi ne a kanka kafin ka miƙa hannu ga gurasa da ƙoƙo: ka daina yi masa fatan sharri, ka daina ba da labarinsa a majalisa, ka iya gaishe shi. Na biyu zaɓinka ne, gwargwadon ƙarfinka. Abin da na ga ya fi ɓata zumunci shi ne yafewar shiru, mutum ya ce a ransa "na bar shi" amma bai faɗa ba, duk ranar da ya ga ɗan'uwan da sabuwar riga sai ciwon ya tashi. In za ka yafe, ka faɗi adadin da bakinka: "Buhu goma ne, na karɓi biyar bana, uku baɗi, biyu na bar maka saboda Almasihu." A rubuta har da biyun. Kada ka yafe abin da kuɗin makarantar Rahila ke ciki ba tare da ka zauna da mamanta ba, da guminta a masarar nan. Kuma kada ka karɓi babur ɗinsa ko garmarsa jingina in da su yake ci. Maimaitawar Shari'a 24:6 ta hana karɓar dutsen niƙa don ran mutum ne ka karɓa, kuma a aikace ma wanda ka ƙwace wa abin nema ba zai taɓa biyanka ba.

Baban Rahila: Na gode Baba. Gaskiya da na tuna, "ka mayar mini da kaka" na ce, ban ambaci kuɗi ba. Amma abin da ya fi ci mini rai ban faɗa ba. Ranar godiyar kaka mutumin nan buhu biyu ya kawo gaba, da rawa, aka kira sunansa a lasifika aka tafa.

Yakubu Direba: Ashe kai ka yi godiyar buhu biyu ba ka sani ba. Ka je wurin ma'aji a gyara sunan.

Mai Awo Saminaka: Wannan ciwon kowace majami'a ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kiran suna a lasifika shi ke sa mai bashi ya ba da abin da ba nasa ba. Haka ranar ƙaddamar da gini. Mutum ya tashi ya yi alkawarin siminti buhu 50 don a tafa, ma'aji ya rubuta, kwamiti ya kira magini bisa lissafin alkawari, a zuba harsashi, shekara uku ginin yana tsaye a linta ciyawa na fitowa a ciki.

Magatakarda: Maganinsa sauƙi ne, ba a so ne. Kada a fara aiki sai kashi biyu cikin uku na kuɗin matakin ya shiga asusu. Alkawari a rubuta a ƙaramar takarda a saka a akwati, ba a lasifika ba, da watan cikawa. Matiyu 5:23-24 ma cewa ya yi ka ajiye baikonka a gaban bagade ka je ka shirya da wanda ke da magana a kanka tukuna.

Ɗan Pambeguwa: In aka daina kiran suna rabin kuɗin ba zai shigo ba, kowa ya sani. Fastoci ma sun sani.

Maman Tagwaye: Ku tambayi su wa ke cike gibin in alkawarin manya ya faɗi. Zumuntar Mata. A zo a ce kowace mace dubu biyu da mudun shinkafa, bayan kuɗin anko da na taron gunduma. Har gwauruwar da na faɗa muku an rubuta sunanta a jerin, ni na ce a soke.

Ɗalibin Bukuru: Dubu biyu? A wajenmu dubu biyar aka yanka wa mata, maza goma.

Maman Tagwaye: Mazan nawa suka biya?