Kalma ɗaya ta tayar da ƙura a guruf kan Musulman Myanmar

Mai Kanti: Jama'a ni fa raina a ɓace yake. Jiya a majalisa na ce siyasa da kasuwa ne suka hura wutar da ke tsakanin 'yan Buddha da Musulmi a Myanmar, wallahi aka taso min kamar na zagi addini. Ku duba garin Meiktila a watan Maris 2013, a shagon gwal aka fara cacar baki tsakanin mai shago da masu ciniki, cikin kwana uku an kashe sama da mutum 40 an ƙone unguwannin Musulmi. 'Yan ƙungiyar 969 ta su Wirathu, malamin Buddha mai wa'azin ƙin Musulmi, sitika suke mannawa a shaguna don ɗan Buddha ya san inda zai kai kuɗinsa. Sojoji sun fara sassauta mulki a 2011, zaɓe na tafe, sai aka nemi baƙin da za a ɗora wa laifi

Uwar Biyu: Baƙi?? Yaya su wane ne baƙin?

Ustaz: Ai shi ke nan ya tona kansa. Abin da gwamnatin ƙasar ke faɗa ke nan, ko sunan Rohingya, wato Musulman jihar Rakhine, ba ta yarda a kira, Bengali take ce musu, wai daga Bangladesh suka kwararo.

Mai Kanti: Malam ba ni na ce baƙi ne ba, cewa na yi an MAYAR da su baƙi. Kuma Meiktila ma ba a Rakhine take ba, tsakiyar ƙasar take

Ustaz: Ga rubutunka nan a sama, kowa na da ido.

Ɗalibi: Tsakani da Allah akwai waɗanda suka shigo daga Chittagong, da ke Bangladesh a yau, aikin noma bayan Ingila ta karɓi Arakan, wato Rakhine ta yanzu, a 1826, amma akwai Musulmi a can tun zamanin daular Mrauk U, wadda ta mulki yankin kafin zuwan Ingila. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ce ta bar Rohingya ba ƙasa, ba sa cikin ƙabilu 135 da gwamnati ta amince da su.

Uwar Biyu: To ko da 1826 ɗin ne, shekara kusan ɗari biyu mutum na zaune wuri a ce masa baƙo? Kakana a Jos aka haife shi, har gobe akwai masu ce mana haka

Direba: Hajiya kar ki kawo mana Jos nan don Allah

Uwar Biyu: Kai da ba ka taɓa wuce Zariya ba ina za ka gane

Direba: Ni?? da nake lodin Fatakwal duk mako

Ɗalibi: Ba wanda ya taɓo Facebook fa. Farashin layin waya ya faɗi warwas a 2014, kowa ya shiga intanet lokaci guda, jita-jita ta samu ƙafa, kamfanin Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba.

Ustaz: Rohingya sama da 700,000 sun tsallaka Bangladesh daga Agusta 2017, kai kana maganar layin waya. Gambiya 'yar mitsitsiya ita ta kai ƙarar Myanmar kotun duniya a 2019, ina manyan ƙasashen?

Direba: Malam kafin manyan ƙasashe, ina kuɗin tallafin marayun da aka ce kowa ya turo tun azumi

Ustaz: Ka ji tsoron Allah, na tura, a tambayi ma'aji.

Shugaban guruf: Ya isa haka. Abin da aka cimma: Rohingya ba baƙi ba ne, ƙiyayyar addini ce zalla kamar yadda Malam ya yi bayani, kuma Mai Kanti ya janye maganarsa.

Mai Kanti: Yaushe na janye??

Ma'aji: Ni dai ban ga alat ɗin Malam ba