Atishawa ta hana ni sakat a Nagano, ko mura ce?

Bazazzage_Nagano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata biyu ina karatu a Nagano, cikin duwatsun Japan. Tun farkon Maris nake atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba kamar famfo, idanu jajur da ƙaiƙayi. Ba zazzaɓi. Na sha citta da lemun tsami har na gaji. Abin mamaki, bara ban yi haka ba. Me ke faruwa?

Yaya_Osaka: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan ba mura ba ce, kafunsho suke ce mata. Ƙurar furen itacen sugi ce, wanda aka dasa birjik a kan duwatsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu don samun katako. Daga Fabrairu zuwa Afrilu take tashi, sai wani itacen mai suna hinoki ya karɓa har cikin Mayu. Jiki kan ɗauki shekaru kafin ya fara bori, ni sai a ta huɗu ta kama ni. Ranar da gari ya waye da rana da iska bayan ruwan sama, ranar ce mafi muni. Sa takunkumi da tabarau, ka daina shanya a waje, ka kakkaɓe riga kafin ka shiga ɗaki.

Maman_Hanifa: Ka je wurin likitan hanci da kunne, inshorarka za ta ɗauki kashi 70. Fexofenadine nake sha, ba ya sa ni barci sosai. Baɗi ka fara tun kafin ƙurar ta tashi.

Bazazzage_Nagano: Ashe shanyar da nake yi a baranda ce ke ƙara min. Na gode Yaya, gobe zan je asibiti in sha Allah.