Zanen da ake azabtar da halittun ƙirƙira: abin da majalisa ta ce

Wasu matasa masu zane a Unguwar Rimi sun tattauna a majalisarsu ta hira kan hotuna da labaran da masoya wasanni ke ƙirƙira, inda ake gallaza wa halittun da babu su a zahiri, irin na Pokémon, wasan Japan da ya fito a 1996.

Yawancinsu sun ce kallo kaɗai ba laifi ba ne, tunda babu ran da ya ji zafi. Wani ya ce ai a tatsuniya Gizo kan jefa Kura cikin wahala, yara su sha dariya, ba su zama mugaye ba.

Babban yayansu bai gamsu ba. Ya ce kowa ya tambayi kansa: labarin ne ke burge shi, ko kukan halittar? In kukan ne, kuma kullum sai ya nemi wanda ya fi tsanani, to ya dakata. Ya kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu. A ganina maganarsa ta fi nauyi.

Sauran shawarwarin gajeru ne: a rubuta gargaɗi kafin a tura irin wannan zane a WhatsApp, a nisanta shi da yara, kada a haɗa da hoton dabba ta gaske.